Igiya da Alli: Tarihin Saitin Ƙafar Mota a Ƙasar Maraɗi

A Faransa, motar da ta shekara 30 tana iya samun takarda ta musamman a matsayin kayan tarihi. Masu irin waɗannan motoci sukan zuba dukiya wajen farfaɗo da su, su nemo littafin kamfani, su tsaya kai da fata sai kowace ƙafa ta zauna a kan awon da injiniya ya rubuta, sa'an nan su lulluɓe motar sai ranar baje koli. A Cadakori da Gidan Rumji, ko Agye da Gazawa, sa'ar wannan mota aiki take yi. Ranar kasuwa za ka gan ta da buhunan gero da wake, awaki ɗaure a sama, fasinja har bakin ƙofa. Amma abin da ya riƙe ta a kan hanya shi ne dai aikin da Bafaranshen nan yake biyan kuɗi a yi masa, wato daidaita ƙafafun gaba, wanda kanikawan Nijar ke kira paralelisim, na Najeriya kuma alaimen. Mutane da yawa, musamman 'yan boko, suna ɗaukar bakaniken da ke durƙushe da igiya da alli a matsayin alamar ci baya, mai cin kuɗin jama'a da kintace. A ganina tarihi bai goyi bayan wannan hukunci ba. Sana'ar ta tsiro ne daga abubuwa uku da suka haɗu a wannan yanki: hanya mai cin ƙarfe, mota iri ɗaya da ta daɗe tana mulkin tasha, da kasuwar bakin iyaka inda ƙarfe ke da sauƙin samu amma taya ke da tsada. Wanda ya fahimci waɗannan zai san abin da igiya ke iyawa, ya kuma san inda ƙarfinta ya ƙare.

Tayoyin gaban mota ba a miƙe suke sak ba kamar yadda ido ke nunawa. Kusurwa uku ce ke mulkinsu. Ta farko, in ka leƙo daga sama, ita ce ko bakunan tayoyin sun ɗan tsuke ciki ko sun buɗe waje. Ta biyu, in ka tsaya a gaban motar, ita ce ko kan tayar ya karkata ciki ko waje. Ta uku kuwa daga gefe ake ganinta: yadda sandar da ƙafa ke juyawa a kanta ta jingina baya, kuma ita ce ke mayar da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. Tunanin daidaita ƙafafun gaba ya ma girmi motar kanta, domin wani maƙerin keken doki a birnin Munik, Georg Lankensperger, shi ya tsara yadda ƙafar ciki za ta fi ta waje lanƙwasa a kan kwana, Rudolph Ackermann kuma ya yi wa dabarar rajista a Ingila a 1818. Lissafi mai sauƙi zai nuna dalilin da ya sa ake damuwa da 'yan milimita. In tsukewar ta wuce ƙa'ida da milimita 3 a kan ƙarfen taya mai inci 14, kowace taya za ta riƙa gogar ƙasa a kaikaice kimanin mita 4 a cikin kowace kilomita. A tafiyar kilomita 100, an ja ta a gicciye mita 400 ke nan, da lodi a kanta, a kan kwalta mai zafi. Abin da direba ke nufi ke nan in ya ce motarsa tana cin taya.

Motoci sun fara keta wannan ƙasa tun kafin a yi musu hanyar kirki. A ƙarshen 1924 ayarin kamfanin Citroën, mota takwas masu sarƙa a ƙafafun baya, ya taso daga Aljeriya ya bi ta Yamai da Tasawa zuwa Damagaram. Hanyoyin da Faransawa suka shata bayan haka da aikin tilas aka yi su, talakawa na ɗaukar marmara a ka, har zuwa 1946 da aka soke wannan aiki a doka. Abin da ya kawo motoci da yawa kuwa gyaɗa ce. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙasar Maraɗi ta samu ƙofar fita ta Katsina, da farko a bayan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka kafa ma'auna, a shekarun 1950 aka buɗe wata hanyar fitar da kaya ta Paraku zuwa Kwatano, a 1962 kuma gwamnatin Nijar ta kafa SONARA ta karɓe cinikin. Hanyar burji tana da cuta ɗaya da kowane direba ya sani, wato gargada, wadda ke kwance noti, ta tsinke bante, ta gajiyar da duk wata mahaɗa da ke ƙarƙashin mota. Sai dai manyan motocin wancan zamani ƙafarsu ba ta da wuyar sha'ani: gatari guda ne na ƙarfe ya haɗa tayoyin gaba, yana zaune a kan sifirin mai faifai. In faifai ya karye ko sanda ta lanƙwashe, wuta da guduma ne magani. Shi ya sa aikin ya yi kusa da hannun maƙera, waɗanda tun kaka da kakanni suka san halin ƙarfe in ya ji wuta, kuma har yau maƙeri da mai walda ne ke mayar da gatarin matacciyar mota amalanke.

Sauyi na gaske ya zo da Peugeot. Samfurin 404 ya fito a 1960, shekarar da Nijar ta samu 'yancin kai, 504 kuma ya biyo baya a 1968. Duka biyun ƙafafun baya ne ke tura su, kuma kowace ƙafar gaba zaman kanta take yi, a kan doguwar sanda da ta haɗa shokazoba da sifirin mai murɗi, tsarin da ake jingina wa injiniyan Amurka Earle MacPherson. Motocin suna da tsayi daga ƙasa, ƙafarsu tana da wurin yin sama da ƙasa sosai, shi ya sa suka jure gargada. Duniya ta shaida haka a gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda 404 ta cinye a 1963, ta sake cinyewa sau uku a jere daga 1966 zuwa 1968, 504 kuma ta karɓa a 1975. Abin da ya fi muhimmanci ga batunmu shi ne yadda aka ƙera ƙafar. A waɗannan motoci, karkatar taya da jinginar sanda a jikin ƙirar suke, kamfani bai bar musu wurin murɗawa ba. Abin da aka bar wa bakanike ya saita shi ne tsukewar baki kawai, kuma 'yar kaɗan ake so, domin motar da ake turawa daga baya ƙafafunta na gaba sukan nemi buɗewa in ta ɗauki gudu. To, cikin kusurwa ukun nan, tsukewar baki ita ce wadda igiya da tef ke iya aunawa daidai. Ashe kayan aikin bakaniken Gazawa sun yi daidai da abin da motar ke nema a wurinsa.

Iyaka ce ta mayar da wannan mota makarantar kanikanci. Kafin Afrilun 1972 Najeriya a hannun hagu take tuƙi, sitiyarin motocinta yana dama, don haka kayan sitiyarin Kano ba su shiga motar Maraɗi kai tsaye. Da Najeriya ta koma hannun dama, shingen ya faɗi. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, wadda ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina yin ta. A daidai lokacin ne farin 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya suka karya noman gyaɗa, Alhazan Maraɗi suka mayar da hankali ga fatauci da Najeriya, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa na 1986 a kansu. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina ta zama jijiyar kasuwanci, kayan gyara suna shigowa daga Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, faɗuwar darajar naira daga 1986 kuma ta ƙara musu araha ga mai riƙe da sefa. Daga arewa ma motocin na zuwa: matasan Turai sukan tuƙo tsofaffin 504 su keto Sahara ta Tamanrasat da Arlit da Agadas su sayar, har farkon shekarun 1990 da rashin tsaro ya toshe hanyar. Sakamakon haka shi ne, yaron da ya shiga gareji a Cadawa ko Tsibiri zai yi shekaru yana kwance ƙafa iri ɗaya yana ɗaurawa, ta a-kori-kura da ta tasi mai kujera layi uku, har hannunsa ya haddace ta. Ƙwarewar da ake mamaki a wurin tsofaffin kanikawa daga wannan maimaici ta fito.

Yana da kyau a dubi aikin da kansa, domin masu sukarsa galibi ƙarshensa kawai suke gani. Ƙwararren bakanike ba ya fara da igiya. Direba zai ce masa, «Maigida, tana ja min dama, ga sitiyari na rawa», shi kuma sai ya shafa tafin hannunsa a kan tayar daga ciki zuwa waje, ya komo. In ya ji santsi ta ɗaya wajen, kaifi ta ɗayan, ya san bakin ƙafa ne ya kauce. In gefe guda ne ya cinye sumul, hankalinsa zai tafi ga karkata. Sai ya sa yaro ya daidaita iska a tayoyin, ya ɗaga motar a jak, ya kama taya dama da hagu ya girgiza, ya sake kama ta sama da ƙasa. Duk ƙwas ɗin da ya ji, na boljoyin ne ko na bushin ko na boris, sai an kawar da shi tukuna, don awo a kan sassaken ƙafa aikin banza ne. Bayan nan a sauke motar a wuri mai shimfiɗa, a tura ta gaba kaɗan ta zauna, a kirga juyin sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a tsayar da shi a tsakiya. Sa'an nan ya ɗiga alli a kan kowace taya daidai tsayin cibiyarta, ya auna tsakanin alamun biyu ta gaba, a gangara motar rabin juyi har alamun su koma baya, ya sake aunawa. Bambancin awon biyu shi ne tsukewar. Igiyar da ake ja daga ƙafar baya zuwa ta gaba ita ke nuna masa ko ƙafafun huɗu suna fuskantar wuri guda. Sai ya sassauta noti, ya murɗa sandar sitiyari rabin zagaye, ya ƙara gwadawa. Babu sihiri a ciki, kuma babu kintace in an bi matakan.

Abin da ya raya sana'ar bayan zamanin arahar kaya shi ne tsadar taya. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya yi tashin gwauron zabo. Daga baya Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008, yankin ya koma dogaro da tayoyin Asiya da kuma na hannu waɗanda suka riga suka ci rabin ransu a wata ƙasa. Ga mai motar haya a layin Gidan Rumji zuwa Maraɗi, taya biyu na iya cinye ribar makonni, alhali ladan saiti bai taka kara ya karya ba. Wannan lissafi ne ke kai shi wurin bakanike, ko da bai taɓa jin sunan wata kusurwa ba. Bature mai farfaɗo da tsohuwar mota yana neman awon kamfani don motar ta koma yadda aka haife ta, direban Agye kuma yana nemansa don tayarsa ta kai kaka. Manufa ta bambanta, amma milimitar ɗaya ce.

Suka ta farko da ake yi, kuma ita ce mafi nauyi, ita ce wannan gyara yana da hannu a haɗurran da ake yi a kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram. Akwai gaskiya a ciki, kuma ɓoye ta ba zai amfani kowa ba. Ana ganin boljoyin da ya mutu an bubbuga shi an cusa masa roba an mayar, ana ganin hannun ƙafar da ya tsage an yi masa walda, ana ganin taya biyu masu girma daban a gatari guda. Igiya kuma ba ta ganin karkata ko jingina, don haka motar da ta faɗa rami ta lanƙwasa sandar shokazoba za ta iya cin jarrabawar alli alhali tana ja gefe. Haka nan faɗin ƙafafun gaba da na baya ba kullum yake zuwa ɗaya ba, wanda bai san wannan ba igiya za ta yaudare shi. Amma a lura, duk waɗannan laifuffuka na tsallake mataki ne ko na rashin kuɗi, ba na hanyar awon ba. Mai mota ne ke cewa, «A lallaɓa min ita zuwa bayan kasuwa», bakanike kuma yana tsoron in ya ƙi, na kusa da shi zai karɓa. Ga kuma lodi. Awon da kamfani ya rubuta na motar da ke zaune a tsayinta ne. In aka ɗora mata ninkin abin da aka yi ta dominsa, baya ya zauna, gaba ya ɗaga, kusurwoyin duka sun sauya kafin ta bar tasha. Ɗora wa mai igiya alhakin wannan kamar a bar jaki ne a daki taiki.

Suka ta biyu ita ce na'ura mai kwamfuta ta riga ta zo, don haka a bar tsohon yayi ya mutu. Babu mai musun cewa na'urar ta fi ido da tef, tana auna kusurwa uku a ƙafa huɗu cikin 'yan mintoci. Sai dai tana da sharuɗɗa: daɓe mai shimfiɗa sosai, gyaran awonta lokaci-lokaci, da wutar lantarki tsayayya. Wutar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana zuwa daga Katsina ta layin da ya sauka a Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni ana fama. Ko da wuta ta wadata, na'ura awo take yi, ba ta gyara. Ba za ta gaya maka bushin ne ya mutu ba, sai wanda ya girgiza tayar da hannunsa. Wanda aka ba na'ura bai koyi wannan ba zai murɗa noti har allo ya nuna kore, mota ta fita, rami na farko ya mayar da ita gidan jiya. Abin lura kuma, har yau masu tseren motoci a Turai da Amurka, waɗanda ba kuɗi suka rasa ba, suna saita ƙafa da zare a bakin fili, don ba ya buƙatar komai sai natsuwa da lissafi.

Suka ta uku ta fi sauran kusa da gaskiya: Peugeot ɗin da aka gina sana'ar a kanta tana ƙarewa. Tun shekarun 1990 motocin hannu da ake shigowa da su ta Kwatano suka cika kasuwa, Toyota ta karɓe tasha da Hiace da Hilux, babura kuma suka ƙwace ƙananan hanyoyin ƙauye. Nan ne haɗarin yake, domin yawancin ƙananan motocin yanzu ƙafafun gaba ne ke jan su, kuma irinsu ba sa son tsukewar da 504 ke so, wasu a miƙe ake barinsu, wasu ma a ɗan buɗe. Su kuma motoci irin Hilux kamfani ya bar musu wurin saita karkata da jingina, abin da tsohon bakanike bai saba taɓawa ba. Wanda ya haddace awo guda yana zuba shi a kan kowace mota, shi ne zai riƙa cinye wa mutane taya da hannunsa. Amma wannan hujja ce ta a ƙara wa sana'ar ilimi. Tushenta, wato a fara gano abin da ya sassauta, a karanta taya, a auna, a sake aunawa, bai tsufa ba, kuma ba a koyonsa a allo. Abin da ya tsufa shi ne lambar da tsohon bakanike ya haddace, ita kuwa lamba a takarda guda ake sauya ta.

Saboda haka abin da ya kamata a yi a bayyane yake, kuma ba mai tsada ba ne. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi da cibiyoyin koyon sana'a na gundumomi su jawo tsofaffin kanikawa su koyar da hannu, su kuma a koya musu awon karkata da magwajin ruwa irin na magina, wanda kowane gareji zai iya saya. A buga awon motocin da suka fi yawa a yankin cikin Hausa, a manna a bangon kowane gareji daga Cadakori zuwa Gazawa. Ƙungiyoyin direbobi da na kanikawa su yi yarjejeniya cewa boljoyin da ya mutu ba a lallaɓa shi, ko wane ne mai motar, don kada mai gaskiya ya rasa ciniki saboda gaskiyarsa. Kai kuma direba, in bakanike ya ce a canza ƙarfe kafin a ja igiya, kada ka ɗauka cuta ce. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma kuɗin boljoyin guda bai kai ran fasinja ɗaya ba.